Saniyar da Ba Ta Cikin Gadonku

Kun taso kun tarar ana ce mini Garba na Turawa, kuma har yau ban ji ɗayanku ya tambaye ni dalili ba. Ko kunya ce ta hana ku, ko kun ji wani bayani a bakin masu zaman tasha kun wadatu da shi, oho. Yanzu da ƙafa ta fara ƙi, ido kuma yana neman bin sawunta, bari in rubuta muku yadda aka yi a shekarar da aka rufe ƙungiyarmu. Ba wanke kaina zan yi ba, domin akwai inda ba na wankuwa. Abin da ya sa ma na ɗauki biro shi ne tsohuwar farar saniyar nan da ke turke a bayan gida, wadda kullum kuke cewa a kai ta kasuwa tun ba ta faɗi ba.

Kun san aikin malamin dabbobi na yi har na ajiye. Tsakanin Tambuwal da Kebbe babu rugar da babur ɗina bai sani ba, babu kuma garken da ban soka wa allura ba. Da na bar aiki sai zaman gida ya gagare ni. Mu 'yan kaɗan, manoma da makiyaya, muka kafa ƙungiya a kan magana guda ɗaya tak: burtali. Ina nufin tsohuwar hanyar shanu da ta taso daga dajin Kebbe, ta bi ta gefen Fakku, ta gangara mashaya a bakin gulbi. Ina yaro, garke biyu kan gitta juna a cikinta ba tare da ƙaho ya taɓa kara ba. Kafin in yi furfura ta koma kamar hanyar zuwa rijiya, kowace damina gonaki na gutsurarta hagu da dama. Abin da muke nema shi ne majalisa ta yi doka, a shata hanyar, a kafa mata turakun siminti, kowa ya san iyakarsa.

Doka kuwa ba ta fitowa don kana da gaskiya. Sai ka yi kamun ƙafa. Sai ka tafi Sakkwato ka zauna a benci a ƙofar ɗan majalisa tun hantsi har la'asar, a ce maka ya fita, ka dawo jibi. Wannan zirga-zirga tana cin mai, ga hayar ɗaki, ga lauyan da zai tsara ƙudurin. Wata ƙungiya a ƙasar Turai ce ta ɗauki nauyinmu, ta hannun wani ofishi a Abuja. Ban taɓa ɓoye wannan ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Kuɗin daga waje suke zuwa, aikin kuma neman juya ra'ayin masu yin doka ne. Sai dai burtalin ba Bature ya shata shi ba, kakanninmu ne, kuma ban taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya daga cikin masu aiko da kuɗin ba.

Lauyanmu ya ce baki kawai ba zai isa ba. Sai an tattara sunayen masu bin hanyar, kowa ya dangwala yatsa, a rubuta a littafi inda kowace ruga ke sauka da rani da inda take komawa da damina. Ya ce shi kaɗai zai duba littafin, ya zana taswira da shi, ya yi rantsuwa a kotu cewa ya gani, sa'an nan littafin ya dawo hannuna. Manoma ba su ba ni wahala ba. Amma makiyaya suka ce sai abin da Arɗo Manu ya ce. Arɗo Manu shi ne babban Fulanin wannan yanki, dogon tsoho siriri mai tsada da magana, wanda na shekara da shekaru ina yi wa shanunsa magani. Na same shi a rugarsa da hantsi, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono. Ya saurare ni har na gama, yana kallon ƙasa.

"Malam Garba," in ji shi, "kakana bai taɓa yarda a rubuta sunanai ba. Lokacin jangali, duk wanda anka rubuta an iske shi har gida. Yanzu kau abin ya fi nan muni. Ka san yadda daji ya lalace. Kowane Bafillace ɓarawo na ga idon mutane. In takardag ga ta faɗa hannun da ba naka ba, ga sunanmu, ga inda muka kwana, mi kaka gani za ya faru?"

Na ce, "Arɗo, ba ta fita hannuna. Lauya za ya gani gabana, in ɗauko abina."

"Ko hukuma ta tambaya?"

"Ko wa ya tambaya."

Sai ya miƙo babban yatsansa, na shafa masa tawada. Kafin azahar mazan rugar duk sun dangwala, cikin mako biyu sauran rugage suka biyo baya. Da zan tafi ran nan, sai ya sa aka jawo wata farar karsana aka danƙa mini igiyarta. Ya ce haɓɓanaye ce. Ku da kuka tashi a birni ba ku san wannan ba, to ku saurara. Bafulatani kan ba wanda ya ɗauka ɗan'uwa aron karsana. Za ta zauna a hannunka har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne halak malak, sa'an nan ka mayar da uwar ga mai ita. Ba a rubutawa, ba a kiran shaidu. Kuma tsakanin mai bayarwa da mai karɓa akwai kunya mai nauyi, irin ta suruki. Ba ka zuwa masa da roƙo, domin kamar ka ce abin da ya ba ka bai isa ba ne. Ni Bahaushe, ɗan manoma, aka yi wa wannan. Na hau babur ina jin kaina ya fi hulata girma.

Shekara biyu muna fama. Karsana ta zama saniya, ta haifi maraƙi, ta sake haifar maraƙa. Ƙudurinmu ma ya yi tafiya, har aka sa ranar da kwamiti zai zauna ya ji ra'ayin jama'a. Ana cikin haka sai muka ji a rediyo an fito da sabon tsari. Duk ƙungiyar da ke karɓar kuɗi daga ƙasar waje, kuma take shiga harkar masu yin doka, sai ta sake rajista. Sai ta faɗi mai ba ta kuɗi, ta faɗi abin da take nema, ta kuma miƙa sunaye da mazaunin mutanen da take cewa tana magana da yawunsu. Wadda ba ta yi ba, ba ta da bakin magana a majalisa, kuma ba sisin da zai sake shigo mata.

Zan gaya muku gaskiya, da na ji ban zagi kowa ba. Na san irin ƙungiyoyin da ake nufi. Na zauna benci ɗaya da su: mutum ɗaya da jaka da hatimi, yana magana da sunan talakawan da bai taɓa shan ruwan garinsu ba. Kuma ƙasa tana da haƙƙin ta san wanda ke biyan kuɗin a canza mata doka. Ko ni aka ce wani daga nesa yana biyan mai ba iyalina shawara, zan so in san ko wane ne. Sai dai ragar da aka saƙa don su, mu ta fara kamawa.

Wanda ya kawo mini fom ɗin Lawali ne, abokina tun firamare, wanda a lokacin yake aiki a ofishin da aka ɗora wa wannan rajista. Ya zo har ɗakinmu na Tambuwal, ya zauna yana fifita da fayil. Shafi na farko na cike a gabansa, na biyu ma haka. Da muka zo na uku, inda ake neman sunayen mutane, na ajiye biro.

"Mutumina, cika mana," in ji shi. "Kowa ya san kana da littafi."

"Ina da shi. Amana ta."

"Wa za ya karanta shi? Kabad za a jefa shi, ɓeraye su ci. Ni nika gaya maka."

"Kai za ka kwana bakin kabad ɗin?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce yana da wata ɗaya kafin ya rufe fayil, in yi tunani.

A gida kuwa maganar ta zama abincin kowa. Yayana Sanda, wanda kuke kira Baba Babba, gonarsa tana makwabtaka da burtalin, kuma tun farko bai so ƙungiyar ba. Ya shigo da la'asar ya tsaya a tsakar gida, ko zama bai yi ba.

"Garba, ai ga ta nan. In aikin Allah kuka yi, mi kuka ɓoyo? Ko Turawan naka sunka ce kak ka nuna?"

Na ce, "Yaya, Turawa ba su san da littafin ba ma."

"To ka ba hukuma. Kai ka fi hukuma sanin daidai?"

Bayan ya fita, uwarku Kulu, Allah ya jiƙanta, tana tankaɗen gari ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, mi za ya hana ka tafi ka tambayi Arɗon? Baki gare shi. Shi yad dangwala, shi ad da ta cewa."

Na ce, "Ke ba ki san Fulani ba. Saniyatai na turkena, in tafi in ce mishi ya kwance man alkawali? Da wane ido?"

"Da wanda kaka duba shi da shi kullum."

Na ce mata ta ji da tankaɗenta. Haka na faɗa, kuma ina rubuta shi yadda na faɗa don ku san irin uban da kuke da shi. Ina ganin kaina masanin Fulani, mai shekara talatin a cikin rugage, mace da ko nonon saniya ba ta iya tatsa ba za ta koya mini?

Cikin wannan wata sau biyu muna haɗuwa da Arɗo Manu a kasuwar Kebbe, a gefen kara inda ake cinikin shanu. Na san ya ji labarin, domin babu wanda bai ji ba. Shi ma ya san na san ya ji. Muka tsuguna muka gaisa irin gaisuwarsu mai tsawo, ya gida, ya shanu, ya ruwa, ya haƙuri da mu. Ya tambayi farar saniya, na ce tana nan lafiya, har ta sake ɗaukar ciki. Ya ce madalla. Maganar littafin tana bakina, ban fito da ita ba. Na dube shi, ya dubi sandarsa. Ya ɗan jira, na ɗan jira. Daga nan na ce rana ta yi, ya ce Allah ya kai mu wata kasuwar. A karo na biyu har sai da ya raka ni wajen babur, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya yana riƙe da madubin. Na ɗauka girmamawa ce. Na tayar da babur na tafi ina yaba wa kaina, wai ga namiji mai riƙe amana ba tare da ya yi ƙorafi ba.

Ranar ƙarshe na kai wa Lawali fom da shafi na uku fari fat. Ya juya shi gaba da baya.

"Garba, kana sane da abin da kaka yi? Saura kwana kaɗan a zauna kan dokarku. Shekara biyu kana wahala."

"Ina sane."

"Wallahi ba ni da yadda zan yi."

"Na sani. Buga hatiminka."

Bai cuce ni ba, aikinsa ya yi. Har ya rasu muna gaisawa.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Ofishin Abuja suka bugo waya suka ba ni haƙuri, suka ce su ma suna ta kansu. Lauya ya daina ɗaukar kirana. Ranar zaman kwamiti na sa babbar rigata na tafi Sakkwato da kuɗin aljihuna. Mai tsaron ƙofa ya duba takardarsa ya ce sunan ƙungiyarmu ba ya ciki. Ya bar ni na shiga a matsayin ɗan kallo, na zauna can baya. Ina ji ina gani manyan manoma masu tarakta suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa hanyar ta daɗe da mutuwa, ba mai bin ta, ƙasa ce ake bari a banza alhali mutane na jin yunwa. Su kuɗinsu na gida ne, ba fom ɗin da ya shafe su. Shugaban zaman ya tambaya ko akwai mai magana a madadin makiyaya. Ba wanda ya tashi. Littafin yana cikin aljihun rigata, ina jin nauyinsa a ƙirji. Aka ce an jingine ƙudurin sai an ƙara bincike, kuma har yau ana binciken.

Da damina ta faɗi, tarakta ta shiga burtali. Ba dare aka bi ba, da rana tsaka aka yi. Ƙananan manoma da suka ga haka, kowa ya ja kunyar gonarsa gaba. Baba Babba ma ya ci nasa rabon, ya shuka dawa a inda na taɓa tsayawa ina yi wa shanu allura. Ban yi masa magana ba, shi ma bai dube ni ba. A gari kuwa aka ce ai Turawa ne suka hana ni nuna littafin don akwai abin da ke ciki, sunan da kuka taso kuka ji ke nan. Da kaka ta yi, shanu suka nemi gangarawa mashaya suka tarar da gona. Aka yi ɓarna, aka ci tara, aka sake yi, aka fasa wa wani kai. Ban ƙara shiga kasuwar Kebbe ba, don ba ni da fuskar da zan kai.

Wata safiya wani direba ya gaya mini su Arɗo suna kwance bukkoki. Na hau babur ko karyawa ban yi ba. Na tarar an ɗaure kaya a kan jakuna da bijimai, mata sun jera ƙore, garken farko har ya yi nisa ya nufi kudu. Arɗo yana tsaye a inda bukkarsa take da. Muka gaisa. Wannan karon ban bari gaisuwar ta yi tsawo ba. Na ciro littafin na nuna masa.

"Arɗo, ga shi. Ba wanda ya gani."

Ya dube shi, bai karɓa ba.

"Na sani, Malam. Ka cika ɗa." Sa'an nan ya ce, "Sau biyu nika jiran ka kasuwa."

"Jira na mi?"

"Ka tambaye ni. Mun zauna da dattawa tun randa munka ji. Munka ce in Malam ya zo, a ce mishi ya ba su littafin. Tsoro muna ji, amma suna ba ya shan ruwa, shanu ka sha."

Na ce, "To don mi ba ka faɗa man ba, Arɗo? Don mi?"

"In ce maka ka karya maganarka? Kai da saniyata ke turkenka? Sai ka ce na raina ka, na ɗauka ba ka iya riƙo. Mai alkawali shi ka zuwa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ni ina jin kunyar in roƙe shi, shi yana jin kunyar ya sauwaƙe mini, hanya ta tafi a tsakaninmu. Ba zan ce muku da na miƙa littafin da lalle an yi dokar ba. Ba zan kuma ce da ba abin da zai sami mutanen da ke ciki ba. Allah kaɗai ya san wannan. Abin da na sani shi ne zaɓin nasu ne, su da za su kwana a dajin, kuma sun zaɓa, ni kuwa na hana su da shiruna. Na yi kuka a gaban matan rugar, ban ji kunyar wannan ba.

Na ce bari in koma in jawo masa saniyarsa. Ya girgiza kai.

"Ba ta cika ukku ba. In ta cika, ka kawo."

"Ina zan same ku?"

"Inda munka samu hanya."

Da na dawo gida na gaya wa uwarku duk yadda muka yi. Na jira ta ce ai na gaya maka. Ta tashi ta kawo mini fura, ta koma bakin murhu. Har ta bar duniya ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saniya ta haifi na uku bayan tafiyarsu da wata biyu. Da aka yaye shi na fara cigiya. Aka ce an gan su a jihar Neja, na je ban same su ba. Aka ce sun ƙetare sun yi Kwara. Lambar wayar da na karɓa a hannun babban ɗansa Buba ta daina shiga. Daga baya wani mai fataucin shanu ya ce ya ji Arɗo ya rasu, wani kuma ya ce ba shi ba ne. Duk shanun da kuke gani a garkenmu, waɗanda aka sayar aka biya muku makaranta, da wadda aka yanka a bikin 'yar'uwarku Sadiya, jikokin wannan farar ne da 'ya'yanta. Waɗannan naku ne, ku raba yadda shari'a ta ce.

Ita kuwa ba tawa ba ce, ba a gadonta, ba a sayar da ita. Na san ta tsufa, na san dusar da take ci ta fi ƙarfin amfaninta. Ku ci gaba da ba ta. In ta mutu kafin a zo, ku ware karsana mafi kyau a garken ku ɗaure a turkenta. Ranar da wani Bafulatani ya yi sallama ya ce shi jinin Arɗo Manu ne na dajin Kebbe, kada ku tsaya jin kunya, kada ku jira ya fara magana. Ku kwance igiyar ku danƙa masa. Littafin yana ƙasan akwatina na ƙarfe, naɗe a cikin tsohon rawani, ku haɗa masa da shi. Ku ce masa ba wanda ya taɓa ganin sunan ubansa. Ku kuma ce masa na san wannan bai shayar da ko saniya ɗaya ba.